Bencin da Wendell Pruitt ya zauna a kai

Shekara uku Delbert Haskew yana zirga-zirga tsakanin birnin Baltimore na Amurka da ofishin wata hukumar leƙen asirin ƙasar. Ya ƙirƙiri manhajar da ke kulle saƙo, babu mai karantawa sai wanda aka aika wa. Hukumar ta ce makami ce, ba za ta ƙetare iyaka ba sai da izini. Izinin kuwa yana hannun wani jami'i, Wendell Pruitt, mutum mai murmushi da taushin murya. Kafin ya gama nazarinsa Jamusawa sun cinye kasuwar. Zuciyar Delbert ta tsaya yana cikin mota, ya rasu.

Matarsa Loretta ta riƙe kamfaninsa, ta riƙe abin a ranta.

Da Pruitt ya yi ritaya, sai ga shi a ofishinta da kwalin kek. Haka al'adar jami'an hukumar take: su kulle ƙofa suna bakin aiki, in sun sauka a ɗauke su hayar buɗewa.

"Madam Haskew, yaran hukumar can duk ni na rene su. Wata ɗaya ya ishe ni in samo miki izini."

"Ashe ƙofar tana da makulli, Mista Pruitt? Marigayi ya ɗauka bango ce."

Ya yi dariya. Ita ma ta taya shi, ta ɗauke shi aiki.

Ba ta gaya masa cewa ta riga ta buɗe reshe a Toronto ta ƙasar Kanada ba, inda 'yan ƙasar suka rubuta tasu manhajar daga tushe, ba ruwansu da izinin kowa. Ta dai riƙa tura shi hukumar neman izini duk Litinin. Yaran da ya rena suka nuna masa bencin jira. In sun ba da izini da wuri, wa zai ɗauke su haya ranar tasu ritayar?

Bazara ta wuce, ƙanƙara ta sauka. Pruitt ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa.

"Madam, ko a janye neman nan?"

"Haba, ranka ya daɗe! Kai da ka rene su? Koma."

A taron shekara na masu sana'ar, inda duk mai iya ɗaukarsa aiki yake zaune, Loretta ta hau mumbari. Ta sanar cewa kayanta sun shiga ƙasa goma sha biyu ta Kanada. Sannan ta nuna shi da yatsa.

"Ga Mista Pruitt, ku tafa masa. Shekara guda yana ƙoƙari a tsohon ofishinsa, ko shayi ba su ba shi ba. Daga yau ba shi da aiki a wurina. Mai so ya ɗauka."

Aka tafa, aka yi dariya. A wajen cin abinci ya zaga tebur-tebur yana miƙa hannu, kowa ya mai da ido kan farantinsa.

Loretta ta ci nata ta ƙoshi, ta sa aka ƙaro mata ƙaguwa.