Layin da Likita Ya Zana

Butar na hannun Malam Illo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, lokacin da Hadiyya ta fito daga madafa. Ludayin da ta riƙo ya suɓuce.

"Baba! Mi kunka yi?"

Ya dubi tafinsa. Shuɗin tawada ya ɓata shi.

Wata biyu ke nan da aka yanke wa mahaifinta ƙari a kunci, ciwon daji na fata, irin wanda ba ya jiran kowa. Saura a gasa wurin da wutar na'ura. Sai da suka yi mako shida suna jiran layi a Sakkwato kafin likita ya auna fuskar, ya zana layuka da ɗigo, ya ce su dawo Litinin, amma kada ruwa ya taɓa wurin. In zanen ya goge, sai sabon awo, sai sabon jira.

Kwana uku Malam yana taimama a gidansa na Turba, yana tsokanar kansa wai ga rijiya a tsakar gida ga shi yana shafa ƙasa. Yau ladan ya kira Azahar, hankalinsa na kan wata aya, hannu kuwa ya yi abin da ya saba yi shekara sittin.

Hadiyya ta ruga zaure, ta ɗauko alƙalaminsa na kara da kurtun tawada. Ta durƙusa gabansa tana kuka.

"Na riƙe wurin, Baba. Kullum ni ka dubinai. In maida shi, ba mai ganewa."

Ya kama hannunta a hankali. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane allo.

"Ɗiyata, mi ar raba harafin fa da na ƙaf?"

"Ɗigo guda," ta ce. "Wanga sama, wanga ƙasa."

"To wuta za su sakam ma wurin. Kusa da ido na. Gobe za ni garin Isa in hau mota, in gaya musu gaskiya."

Ta dubi ƙasan kunnensa, inda wani sabon ƙullutu kamar ƙwayar gujiya ya fara tasowa tun makon jiya. Ba ta gaya masa ba. Yanzu ta ga yatsansa ya je wurin kai tsaye, ba lalube. Ashe ya sani.

"Ƙaro mini ruwa," in ji shi. "Tun da ta ɓaci, bari in cika alwalata."

Ta cika butar. Ya wanke fuskarsa sau uku, a natse, har ruwan da ke sauka ƙasa ya daina shuɗi.