Shuɗin Kifi a Falon Daudu

Da hantsi Inno ta sake tarar da wani kifin yana yawo a saman ruwa, cikinsa sama, jelarsa a yage. Ta tsame shi da ludayi, ta binne a gindin zogale tun kafin surukarta Kaltume ta fito.

Ɗanta Daudu, malamin gona a Kazaure, shi ya sayo akwatin gilashin kiwon kifin daga Legas, lokacin da arzikin mai ya sa ma'aikata kwaɗayin kayan Turawa. Gurami ake ce wa kifayen: ƙanana jajaye, sai wani babba shuɗi da ya ƙaro daga baya. Da zai tafi kwas Zariya, ya ɗauko Inno daga Roni ta zauna da Kaltume, wadda cikinta ya tsufa. Sau biyu Kaltume tana haihuwa babu rai.

Tun zuwanta Inno ba ta yarda da halittun nan ba. Wai kifi, amma sai ya taso ya shaƙi iska kamar mutum, yana lalube da wasu zaruruwa kamar hannuwa. Yanzu ga su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gidan mai ciki. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ta tofa addu'a a ruwan, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da Juliana, ungozomar asibiti, ta zo duba Kaltume, Inno ta tare ta a falo.

"'Yar nan, dubi abin nan ki gaya mini. Hannu aka sa mana?"

Juliana ta durƙusa ta zuba ido. Ba a jima ba shuɗin ya fafari wani ja, ya matse shi a kusurwa yana yagar jelarsa.

"Mama, ga mai kisan nan. Namiji ne, irinsa ba ya zama da ƙanana. Maigidana ma ya taɓa haɗa su, haka suka ƙare." Ta kamfato shuɗin da kwano ta juye a bokiti. "In Daudu zai ƙara, ya nemo masu sanyin hali irin nasu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"To, ita fa?" Inno ta nuna ɗaki da haɓa.

Juliana ta daɗe tana goge hannu da gefen zaninta. "Ɗan bai juyo ba tukuna. In naƙuda ta taso, kada a tsaya a gida."

Bayan tafiyarta Inno ta zauna. Jajayen sun fito daga kusurwa suna yawonsu. Da sammu ne, ta san ƙofar malamin da za ta buga a Roni. Wannan kuwa ba ta san ƙofarsa ba.

"Inna," Kaltume ta kira daga ɗaki.

Inno ta miƙe zumbur.

"Ko akwai ruwan sanyi a randa?"

Ta ɗebo. Kafin ta kai bakin ƙofa, rabin ruwan moɗar ya zube a ƙasa.