Takobin Hayami ya koma hagu

Shekara arba'in ina riƙe da masaukin baƙi a Mishima, a kan hanyar birnin Edo. Na durƙusa wa mayaƙan Shogun, jagoran mayaƙa mai riƙe da mulkin ƙasar nan a da, har gwiwoyina suka yi kanta, da aka tuɓe shi kuma na koma durƙusa wa sojojin gwamnati. Ban ga wanda ya fi wani kunya a gaban akushi ba.

Ranar da nake ba ku labari, ruwan sama ne ya koro mini mutum biyu da tsakar rana. Na farko tsoho Hayami ne, samurai, wato mayaƙin gado, tun kaka da kakanni, wanda babu abin da ya rage masa sai takobi da girman kai. Doka ta hana rataya takobi a hanya, don haka yakan naɗe shi a zane ya rungumo, sai ya zauna ya warware. Ya wuce kai tsaye mazaunin manya, can nesa da ƙofa, ya ajiye takobin a damansa, kamar yadda mai zuwa da lafiya yake yi.

Na biyu Kyaftin Okabe ne na sabuwar runduna, ɗan mai sayar da gawayi, da sojoji biyu da ya bari a rumfa. Ya ga an riga shi mazaunin, ya zauna daf da tsohon har gwiwarsu na neman haɗuwa. Na kawo musu shinkafa da busasshen kifi.

Kyaftin ne ya tono faɗan. Ya ce da ni, ba da tsohon ba, wai Janar ɗinsu na yanzu shi ne Shogun na gaske, don dakarun ƙasar nan kaf umarninsa suke bi, ba kowane hakimi da nasa ba. Tsohon ya amsa wa bango. Ya ce Shogun gado ne da ƙasa da talakawa, Sarkin ƙasa ma sai abin da Shogun ya ce, shi kuwa Janar ɗan ƙwadago ne, takarda ta naɗa shi, takarda za ta sallame shi. Kyaftin ya ce aƙalla nasu bai taɓa miƙa birni salin-alin ba, yadda Shogun ya miƙa Edo ko harbi ba a yi ba.

"Yaro," in ji Hayami, "har yanzu ina jin warin gawayi a rigarka."

"Da shi aka dafa abin da kake ci, baba."

Sai tsohon ya ajiye tsinken cin abincinsa, ya ɗauki takobin ya mayar da shi hagu. Takobi a hagu yana nufin hannun dama ya shirya zarewa. Da an zubar da jinin hafsa a tabarmata, da ni da masaukin mun tashi aiki. Kyaftin kuwa bai ko ɗago ba, yana ta tsince ƙayar kifi. Na ɗauka bai san ma'anar abin ba. Tsohon ma haka ya ɗauka, kuma wannan ya fi zagin ƙona masa rai, ya yi barazana ba a gani ba. Ba zai sari wanda bai fahimci gargaɗi ba, shi ya sa ya buɗe baki ya bayyana masa da kansa, da ƙarfi, har na rumfa suka ji.

Abin da kyaftin yake jira ke nan. Ya goge bakinsa a hankali.

"Na sani, baba. Ubana ya tsufa yana kallon takubbanku daga cikin taɓo, goshinsa a ƙasa. Babu abin da ban sani ba a kansu. So nake ka faɗa da bakinka a gaban shaidu."

Ya tafa hannu, sojojin suka shigo da takalmansu, bakin bindiga a ƙirjin tsohon. Kyaftin ya ce wanda ya yi wa hafsa barazana ba zai fita da makami ba. Hayami ya ce hannun ɗan gawayi ba zai taɓa takobin gidansu ba yana numfashi. Kyaftin ya ce shi ma bai yi niyyar ɓata hannunsa ba. Su duka biyu suka juyo suka dube ni.

Ni na ɗauka. Na sa hannu biyu yadda aka saba, na sunkuyar da kai, na miƙa wa sojan da ke kusa, shi kuma ya saɓa a kafaɗa kamar itacen girki.

Hayami ya fita cikin ruwan bai nemi laima ba. Ya yi shekara shida a garin bayan haka. Idan ya haɗu da kyaftin yakan kawar da kai kawai, amma duk ranar da ya biyo ta ƙofata sai ya tsaya ya tofar da yawu.