Uwar Hamida Tana 'Yargoje

Sau uku Malam Abdulgafar yana maimaita tambayar, sau uku Kulu tana duban silifas ɗinta.

"Inna, ba doguwar magana ba ce," in ji shi, yana buga biro a kan tebur. "Yarinyar nan shekarunta goma sha bakwai. Dokar kwaleji ta ce wanda bai kai sha takwas ba, sai uwa ko uba ko mariƙi ya zauna an zaɓi kwas a gabansa, ya dangwala yatsa. Ke mece ce ɗinta?"

"Ɗiyar Talatu ce," in ji Kulu.

Ya duba fom. "Na gani. Mariƙiya, Talatu. Ke ce Talatun?"

"A'a. Ni matar ƙanenta ce."

"To ina take?"

"Ta rasu. Yau kwana hamsin da biyu."

"Allah ya jiƙanta. Uban yarinyar fa?"

"Shina gida. Ƙafa ta kumbura, ko masallaci ba ya zuwa."

"Uwar tana da rai?"

Kulu ta ja bakin hijabi ta rufe rabin fuska. "Tana nan."

"A ina?"

"A 'Yargoje take zaune."

To, kada ku ce Kulu ta yi ƙarya, don ko kalma ɗaya ba ta yi ba. A 'Yargoje uwar Hamida take zaune, kuma ita ce wannan da ke zaune a kan bencin. Hamida ɗiyar farinta ce. A gidan da Kulu ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana baki da baki, balle ta buɗe baki gaban baƙon namiji ta ce ita ta haife shi. Ranar da aka yaye Hamida, Goggo Talatu ta goya ta zuwa Faskari, can ta girma, can ta gama sakandare. Shekara goma sha biyar duk saƙon da ke tsakanin uwa da ɗiya ta bakin Goggo yake bi. Yanzu Goggo ta tafi, ta bar su kamar baƙi biyu da aka haɗa a tabarma ɗaya.

Shi kuwa Malam Abdulgafar a barikin Kaduna ya tashi, ga layi har bakin ƙofa, ga fanka ta tsaya. Bai ɗaga kai ya dubi fuskokin nan biyu ba, da ya ga hanci ɗaya ne aka raba musu.

"A je a zo da ita," ya ce. "Ƙarfe biyu ake rufe kwamfuta. Wanda bai zaɓa ba, gurbinsa ya tafi, sai kuma baɗi. Na gaba."

Hamida ta buɗe baki, ta dubi gefen da Kulu take, ta rufe. In ta ce "ga ta nan," ta tsiraita ta gaban mutane. Suka fito.

Ƙarƙashin wata bishiyar bedi suka zauna, da ƙunshin Kulu a tsakaninsu. Daga bakin ofis lasifika tana ta zuba bayani. Wai hanya biyu ce a kwalejin. Akwai ta littafi: share fagen shiga jami'a, kimiyya, lissafi, koyon malanta, aikin akawu. Akwai ta hannu: ɗinki, girki, walda, kafinta, gyaran waya, kiwon kaji, haɗa wutar sola. Wani kwas ɗin shekara biyu, wani wata goma sha takwas, wani a ba ka difloma, wani satifiket, wani kuma ba a ba ka komai sai an sake wata jarrabawar.

Kulu ta kasa kunne har kanta ya fara sarawa. Da ma da saƙo uku ta fito gida. Maigidanta, Malam Tanimu, ya ce malanta, don malama ko ina aka kai ta da mutuncinta. Wanta Gide ya bugo waya daga Sabuwa ya ce kada a kuskura, aikin asibiti za ta yi, a sa ta a wannan na share fage. Marigayiya kuma, ana saura kwana uku ta cika, ta kama hannun Kulu ta ce, "A bar ta ta yi abin da hannunta ya iya." Kulu ta ɗauka ɗinki ake nufi, don me hannun ɗiya mace zai iya in ba allura ba? A mota ta jera saƙonnin tsaf. Yanzu lasifika ta dagula mata su. Malantar ce ta asibiti? Ko share fagen ne ake yi da hannu? Wane fage ma za a share, kuma wa zai ba da tsintsiya?

Kuma duk wannan sai an sami uwar yarinya tukuna.

Ta dubi reshen bedi. "Ko akwai mai jin ƙishirwa," ta ce wa reshen.

"Ba a ji," in ji Hamida, tana duban ƙasa.

Agogon masallacin kwaleji ya nuna sha biyu da kwata. Kulu ta yi tunanin ta kira maigidanta, sai ta tuna wayarsa tana wajen caji tun jiya. Ta yi tunanin ta roƙi wata mata a layi ta shiga ta ce ita ce uwar. Sai ta ga ba za ta iya kallon wata ta dangwala yatsa a matsayinta ba, ta bar wannan shawarar.

"Ku kuma lafiya kuka zauna kamar masu jiran gawa?"

Wata mata ce gajera, da rigar aiki shuɗiya a kan atamfa, da maɓallai a hannu. Ta ce sunanta Malama Esther, 'yar Tafoki ce, tana koyarwa a nan. Ta tambayi Hamida ko ta zaɓa. Hamida ta ce tukuna, an ce sai an zo da uwarta.

Malama Esther ta dubi Hamida, ta dubi Kulu, ta sake duban Hamida. Ta danne dariya har kafaɗunta suka motsa.

"Uwar tana da nisa ke nan?"

"Da ɗan nisa," in ji Kulu.

"Haka ne. Tawa uwar ma har ta mutu ba ta iso inda nake ba, alhali ɗaki ɗaya muke kwana. 'Waccan mai kunnen ƙashi' take ce mini. Ku taso ku ga wurin kafin ta iso."

Suka bi ta. Ɗakin farko tebura ne da kwalabe da wani ƙwarangwal na roba a tsaye. Kulu ta yi a'uziyya ta ja baya. Nan ne na masu son asibiti, in ji Malama. Kulu ta saci kallon Hamida. Fuskar ba ta ce komai ba. Ɗaki na biyu allo ne da kujeru, na malanta. Nan ma haka. Da suka zo ɗakin ɗinki, kekuna ashirin a jere suna ƙyalli, Kulu ta rage tafiya, ta shafa ɗaya.

"Wannan kam sana'a ce mai rufin asiri," ta ce wa keken.

"Ko maɓallin riga ba a iya sawa ba," in ji Hamida, ita ma ga keken.

To in ba ɗinki ba, me marigayiya take nufi?

Ɗaki na ƙarshe rumfa ce ta kwano, an jingine baƙaƙen farantan sola a bango, ga batira, ga wayoyi ja da baƙi a warwatse. Malama Esther ta ce nan ne nata. Tana cikin magana Hamida ta wuce ta, ta tsuguna gaban wani batir, ta bi wayar da yatsa.

"Malama, wannan an juya masa kai. In rana ta buɗe zai ƙone akwatin cajin."

"Ɗalibaina ne, Allah ya shirye su. Wa ya koya miki?"

Sai Hamida ta fara. Ta ce fitilar Goggo ce ta mutu tana aji uku, ta buɗe ta da wuƙar yanka albasa. Daga nan faranti guda da Goggo ta sa a kan ɗaki, daga nan na maƙwabta. Ta ce famfon sola na unguwarsu da ya tsaya wata huɗu, fis ne kawai ya ƙone, ita ta hau rufin ta canza da asuba kafin maza su fito su hana ta. Ta ce matan aure ba sa son namiji ya shiga musu cikin gida gyara, shi ya sa fitilu suke mutuwa a bar su. Tana magana hannuwanta suna yawo cikin wayoyi.

Kulu tana bakin ƙofa. Rabin kalmomin ba ta san su ba. Abin da ta sani, tun da ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ashe muryarta da kauri. Ashe in ta yi zumuɗi tana ɗan in'ina, irin ta kakanta. Kuma wai ta hau kan rufi. Ɗiyar Malam, a kan rufi, da asuba. Ina za ta kai wannan labari?

"Ɗaya da rabi ta wuce," in ji Malama Esther. Ta matso kusa da Kulu ta rage murya. "Yaya, ni zan iya shiga in faɗa masa. Amma ba zai karɓa daga bakina ba, an taɓa kawo masa uwar haya. Sai mai yatsan ta faɗa."

"Ba a yi a gidanmu."

"Na sani. A namu ma."

"Kuma ubanta malanta ya ce. Kawunta asibiti."

"Su ba su zo ba."

Kulu ta tsaya. Ta so a ce akwai wanda za ta aika. Ta duba dama, ta duba hagu, daga ita sai batira.

Layi ya ragu saura mutum biyu. Da aka zo kansu Malam Abdulgafar ya ɗago, ya leƙa bayansu.

"Ina uwar?"

"Ta iso," in ji Malama Esther daga bakin ƙofa.

"Tana ina?"

Kulu ta zauna a bencin. Ta dubi ƙafar teburin, inda aka tokare ta da guntun kwali.

"Ni na haife ta," ta ce wa kwalin.

"Na'am?"

"Malam, ka ji. Kada ka sa a maimaita."

Ya ajiye biro. "Inna, ɗazu ke da bakinki kika ce tana 'Yargoje."

"Can nake zaune."

"Kika ce ke matar ƙanen Talatu ce."

"Shi ne uban."

Ya dubi fom, ya dube ta, ya dubi Hamida wadda ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Sai yanzu ya ga hancin. Ya shafa fuska da tafin hannu biyu.

"Awa biyu da rabi," ya ce. "To. Alhamdu lillahi. Wane kwas?"

Saura minti goma sha biyu. Saƙonni uku suka taso wa Kulu a lokaci guda, suka cakuɗe a bakinta. Ta ga fuskar maigidanta, ta ji muryar Gide a waya.

"Malam, tambaye ta," ta ce.

"Ga ta kusa da ke, Inna."

"Kai dai tambaye ta."

Ya tambaya. Hamida ta faɗa, a hankali, da wani dogon suna na Turanci a ƙarshe. Ya buga a kwamfuta, ya turo tawada. Kulu ta dangwala babban yatsa a inda ya nuna, ta danna da ƙarfi har takardar ta motsa.

Hamida ta rako ta tasha, tana riƙe da ƙunshin, taku uku a baya. Motar Ƙanƙara ta kusa cika, direba yana cewa shi ba ya bin hanyar nan bayan la'asar, mai tafiya ya shiga. Kulu ta shiga ta zauna gefen taga, aka miƙo mata ƙunshi ta ajiye a sauran gurbin da ke kusa da ita.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. In ta isa gida Malam zai tambaya. Zai ce, an sa ta a malantar? Ita kuwa ko sunan abin da ta dangwala wa yatsa ba ta riƙe ba. Wuta ce dai, da rana, da hawan rufi. Ta duba wanda za ta sa ya tambaya. Tsohon da ke gaba yana gyangyaɗi, matar da ke baya tana faɗa da wani a waya, direba ya zagaya yana ɗaure buhu.

Hamida tana tsaye a bakin taga, tana duban tayar mota.

"Ke," in ji Kulu.

Yarinyar ta ɗago da sauri, ta waiga bayanta ko da wata ake.

"Ke nake wa magana. Mi sunan abin nan?"

Hamida ta faɗa. Kulu ta gwada, harshenta ya karye a tsakiya. Hamida ta sake faɗa, da ɗan in'inar nan. Kulu ta sake gwadawa, ya fito wani abu daban, har matar da ke baya ta sauke waya ta dube su.

"Ba zan iya kai shi gida ba," in ji Kulu. "Kafin mu kai Ƙanƙara ya zube. Shigo ki faɗa masa da bakinki."

"Ni? Ai bai taɓa yi mini magana ba."

"Shi ma yau ya ji yadda ake ji."

Direba ya buga ƙofa ya ce saura mutum ɗaya. Kulu ta ɗauke ƙunshin ta ɗora a cinyarta.