Turken Siminti a Gonar Ɗalha

Can sama, bayan inda shaho ke gajiya ya juyo, bayan gajimare ma, akwai wata siririyar iska mai ɗauke da lantarki, wadda rana ke dafawa kullum. Saƙon tauraron ɗan'adam sai ya ratsa ta kafin ya iso ƙasa, kuma in ta birkice yakan makara. Wannan makarar ce Rut, malama a jami'ar Kalgo, take aunawa.

Ta roƙi Ɗalha, wani manomi a Dalijan, ya bar ta ta kafa turken siminti a gefen gonarsa. A kan turken ta ɗaura wani farin faifai mai kama saƙon. Shekara cur take bukata ba yankewa, kuma in faifan ya gusa ko da faɗin yatsa ne, aikin ya lalace. An ci wata goma sha ɗaya.

Wata Talata da hantsi, layin da manhaja ke zanawa a kwamfutarta daga saƙon faifan ya kama tsalle. Ta san iskar ba ta irin wannan hauka da safe. Ta shiga mota ta nufi gonar.

Ta iske Lukuman, ƙanen Ɗalha, wanda ya daɗe yana kamun kifi a Yauri, jiya ya dawo. Gatari ne a hannunsa. Turken yana daidai kan iyakar gonarsu ta gado, kuma a wajensu duk inda aka ga siminti a gona, masu awo sun zo, gona ta tafi. Ɗalha yana rungume da turken, jini na bin gemunsa.

"Yaya, saki," in ji Lukuman. "Ina cikin ruwa ka kawo masu awo su cinye mini rabona."

"Sama ake aunawa, wawa. Kana da gona a sama?"

Lukuman ya kai masa ƙotar gatarin a haƙarƙari. Ɗalha ya durƙusa, bai saki ba. Duka na biyu ya sauka kan yatsunsa, aka ji sun ɓalle kamar kara.

"Baba, bar masa," in ji Rut.

"Ɗiyata, amana kika ba ni. Saura wata guda."

Lukuman ya juya gatarin, kaifin ya fuskanci wuyan wansa. Rut ta dubi faifan, ta dubi wuyan. Ta kutsa tsakaninsu, ta finciko wayar da ke jone da faifan, ta murɗe shi daga kan turken ta buga shi da ƙasa. Ta tattake shi har ya tsage.

"Ga shi, Malam Lukuman. Ba abin da yake aunawa yanzu."

Lukuman ya tsaya yana haki, ya sauke gatarin. Ita ta cire ɗankwalinta ta naɗe hannun Ɗalha.

"Kama ƙafafunsa," ta ce wa Lukuman. "Asibitin Gwandu za mu."

Ya kama.