Mai Kwalabe da Koriyar Mujalla

Ofishinmu na mutum ɗaya ne, amma mu biyu aka cusa a ciki, ni da Mai Kwalabe, sai kuma kwalaben nata da suka fi mu samun wuri. Ɗalibai ne suka raɗa mata sunan. Malama ce a sashenmu na kimiyyar sinadarai, na girme ta nesa ba kusa ba, kuma aikinta shi ne auna ruwan rijiyoyin bayan gari don ta ga abin da mutane ke ɗura wa cikinsu. Mahaifinta, direba ne da ya ajiye aiki, shi ke kai ta a tsohuwar motarsa duk ranar hutu. Shi ke jan guga, ita tana liƙa wa kowace kwalba takarda. Ranar aiki sai ta shigo da su a kwali, ta jera a ƙarƙashin tebur, a kan taga, har bayan kujerata. Na sha yi mata tsiya cewa wata rana ƙishirwa za ta kama ni in shanye mata bincike.

A kan kwantiragi take. Dokar jami'armu kuwa ba ta da kwana: in wa'adinki ya cika ba ki da maƙala a babbar mujalla ta waje, ki tattara komatsanki.

To, akwai wani abu da muke yi a sashen nan wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Duk wanda ya gabatar da takarda a taron ƙara wa juna sani, sakatare na karɓar kwafi. Da zarar masu tantance jami'o'i sun kusa zuwa, sai Shugaban Sashe ya kwashe takardun ya kai maɗaba'a, a ɗinke su da koren bango, a ce ga mujallar sashe. Ba a tambayar kowa. Kuma sunan Shugaba ne ke hawa gaba a takardar kowane ƙaramin malami, wai tukwicin jagoranci. In baƙi sun tafi, a jibge mujallun a kabad ɗin bayan sakatare, inda ɓeraye ne kaɗai ke leƙa su.

Sakamakon farko na Mai Kwalabe ya shiga ɗaya daga cikinsu tun tana sabuwar zuwa. Ta ci gaba da aikinta, rijiyoyi suka ƙaru, har ta kammala cikakkiyar maƙala. Ranar da za ta tura wa babbar mujallar, na ji ta kira ni daga gaban kwamfuta.

"Yaya, zo ki ga wata tambaya. Wai an taɓa buga aikin nan ko wani ɓangarensa a wani wuri?"

"An taɓa mana. Ki ce musu yana cikin koriyar nan, ki haɗa musu da kwafi. Su suka san abin da za su yi da shi."

"In na haɗa, za su ga sunan Shugaba a can, babu shi a nan."

"Sai ki faɗa musu dalili."

Ta kalle ni kamar na ce ta taka wuta. A sashenmu ba a tura maƙala waje sai Shugaba ya sa albarka, don haka ta tashi ta tafi wurinsa. Da ta dawo fuskarta a sake take.

"Ya ce wannan ba bugawa ba ce, takardar cikin gida ce. Ya ce kar in jawo wa sashe surutu a kan abin da ko mu ba ma karantawa."

Na ce ban yarda ba, na kuma maimaita. Amma ni wace ce? Tsohuwar malama da ta daɗe a mataki ɗaya har kujera ta ɗauki siffarta. Ta danna "a'a", ta tura.

Aka karɓi maƙalar. Ban taɓa ganin farin ciki irin na mahaifinta ba. Ya sa aka buga masa shafin farko, aka rufe da leda, ya ajiye a aljihun gaban mota. Duk wanda ya rage wa hanya sai ya gan shi, ko ya iya karatu ko bai iya ba.

Ana nan sai jami'a ta bushi iska ta ce duk abin da aka taɓa bugawa a cikinta a ɗora shi a intanet, don duniya ta san muna aiki. Ma'aikatan laburare suka zo suka kwashe kabad ɗin sakatare kaf, har waɗanda ɓera ya ci gefensu. Ba a jima ba editan babbar mujallar ya aiko mata da saƙo. Wani mai karatu ya ci karo da koriyar. Jadawalin farko iri ɗaya, sakin layi da yawa kalma da kalma, ga kuma sunan wani a gaba. Laifi ya zama biyu: ta ɓoye bugun farko, kuma da alama ta kwashi aikin wani ta cire sunansa.

Editan bai rufe ƙofa duka ba. Ya ce in mai sunan farko ya tabbatar cewa aikin nata ne, kuma an buga ba da izininta ba, za su tsaya a kan gyara da gargaɗi.

Na raka ta ofishin Shugaba. Na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani, shi kuma yana juya cokali a kofin shayi.

"Ranka ya daɗe, layi biyu kawai nake roƙo," in ji ta.

"'Yata, kin san abin da kike nema kuwa? In rubuta da hannuna cewa na sa sunana a aikin da ban yi ba?"

"Ai kai ka ce in amsa da a'a."

"Shawara na ba ki. Ni na danna?"

Na kasa haƙuri. "Ranka ya daɗe, ko rijiya ɗaya ka taɓa leƙawa a aikin nan?"

"Malama, da ke ake magana?"

Duk mun san abin da ya hana shi. Takardar nan tana cikin waɗanda ya lissafa lokacin da ya nemi zama farfesa. In ya cece ta, nasa rufin asirin ne zai yaye. Ya ce za a duba, ya kurɓi shayinsa. Daga ranar ya yi kunnen uwar shegu da maganar.

Aka janye maƙalar. Ba su goge ta ba, da ma sun goge da ya fi sauƙi. Tana nan a shafinsu da sunanta, an gicciya mata jan rubutu a kowane shafi. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, Shugaba na cikinsa, har da girgiza kai don takaici. Ba a sabunta kwantiraginta ba. Ta nemi aiki a wasu wurare, amma duk wanda ya buga sunanta a intanet jan rubutun ne ke fara yi masa sallama. Koriyar kuwa tana nan lafiya lau, har na ga wani ɗalibi ya kafa hujja da ita, ya rubuta sunan Farfesa ya bar nata.

Ranar da ta zo kwashe kaya da hantsi, mahaifinta ya biyo ta don ya taya ta ɗauka. Ta jawo bokitin shara ta fara buɗe kwalaben tana tuttulewa. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa, ledar nan na leƙe daga aljihun rigarsa. Ya sunkuya ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ƙura wa takardar jikinta ido.

"Wannan ai ta bayan maƙera ce, wadda igiya ta tsinke mana. Ni na ja ruwan nan da hannuna." Ya juyo gare ni. "Malama, ni shaida ne. A kai ni wurin mutanen nan in faɗa musu."

Na kalli ƙasa.

"Baba, an rufe maganar," in ji ta.

"Wa ya rufe? Ba a tambaye ni ba."

"Ba za a tambaye ka ba, Baba."

Ya rungume kwalbar a ƙirjinsa. Ta bar shi da ita har ta gama da sauran, ɗakin ya yi fili irin wanda na daɗe ina roƙo, na kuwa ji na tsani filin. Sannan ta zo gabansa ta miƙa hannu. Ya daɗe kafin ya saki. Ta buɗe murfin, ta juye ruwan a bokiti.