Harbin da Baba Ya Ce Ya Kuskure

"Na kuskure," in ji Baba, yana zare kwanson harsashi daga bindiga. "Mu koma mota."

Auta bai motsa ba. Tun da yake bin mahaifinsa farauta, bai taɓa ganin ya yi harbi ya juya ba tare da ya duba ƙasa ba. Tsohon ne ma ya koya masa cewa dabbar da ka ji wa rauni taka ce, ko bangon duniya ta nufa sai ka bi ta ka hutar da ita. Yau kuma shi ke sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Izinin da ma'aikatan gandun daji suka ba su na namijin barewa ne, tsoho, guda ɗaya. Wanda ya harbi macen barewa ya yi ban kwana da farauta, Baba kuwa ba shi da abin da ke tashinsa da safe in ba dajin nan ba.

"Bari dai in leƙa, Baba."

"Au, ni kake tuhuma? Na ce maka iska na harba!"

Auta ya kutsa cikin ciyawa. Bai yi nisa ba ya ga jini a ganye. Ya bi sawu har gindin wata ƙaya, ya tarar da barewar kwance tana haki. Ƙahonta siriri, hantsarta cike da nono. Ya yanka ta, ya nemi ɗanta bai gani ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Wato tsohon ya san abin da ya yi, shi ya sa yake neman gudu.

Ya dawo ya same shi zaune a bayan mota.

"Ka same shi?" Baba ya tambaya a hankali. "Na ji harsashin ya shiga. Kunya ce ta hana ni faɗa, ban saba harbin da ba ya kayarwa ba. Ƙahonin manya ne ko?"

Fushin Auta ya koma tsoro: ashe idon tsohon bai ga abin da ya harba ba.

"Mace ce, Baba. Tana shayarwa."

Tsohon ya ɗauko bindigar. "Kai ni ofishin gandun daji, ni zan faɗa da bakina. Ungo."

Ya miƙa bindigar dama da inda Auta yake tsaye, sai da Auta ya matsa ya karɓa.